Kafin A Kira Mai Gyara



Kafin in ce komai, ya zama wajibi in gode wa kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni. Ranar da takardar Sakatare ta iso hannuna, wai ana so in yi magana a kan matsalolin kwamfuta da kayan lantarki na gida da yadda ake magance su, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Dalili kuwa, duk wanda ya zauna a gidan kwananmu ya san ko wane ne ya jefa gidan nan cikin duhu a wani dare na hunturu, muna aji uku. Ni ne. Na ɗaure cokula biyu a bakin waya, na tsoma a bokiti don in sami ruwan ɗumi na wanka, na cusa ɗaya bakin a soket. Ruwan bai yi ɗumi ba, fis ya ƙone, ni kuma na share mako guda ina yankan ciyawa a bayan ɗakin cin abinci. Ina ganin waɗansu daga cikin waɗanda suka kai ƙarata suna murmushi a layin gaba. Na yafe muku, domin da ba ku kai ni ba, wataƙila da bokitin nan ya yi ajalina.

Washegari malaminmu na kimiyya, Allah ya jiƙansa, ya aika a kira ni. Na tafi ina jiran bulala. Sai ya miƙo mini sukudireba da sabuwar wayar fis, ya tasa ni gaba har gidan kwana, ya kashe babban makunni, ya tsaya a kaina sai da na gyara abin da na ɓata. A kan hanyarmu ta dawowa ya koya mini tambayoyi uku, ya ce duk na'urar da ta ƙi aiki in yi mata su kafin in ɗora mata hannu. Ta farko, shin wuta tana isa gare ta, kuma wace irin wuta? Ta biyu, me ya canja tun lokacin da take aiki lafiya? Ta uku, me zan iya rasawa in na taɓa ta?

Da waɗannan tambayoyi na ci abinci tsawon rayuwar aikina na lantarki. A kansu zan gina jawabina, kuma in na zo ta ukun akwai wani laifi da na yi wa wannan ƙungiya, wanda na daɗe ina neman bakin faɗinsa.

Tambaya ta farko: wace irin wuta?

Jama'a, mafi yawan kayan da aka taɓa kawo mini a matsayin matattu, lafiyarsu ƙalau. Na taɓa yin tafiya mai nisa zuwa gidan wani ɗan ajinmu, yana nan zaune amma ba zan nuna shi ba, saboda talabijin ɗinsa ya ƙi kamawa ana jibi salla. Da na leƙa bayan kabad sai na tarar jikarsa ta zare fulogi ta sa cajar waya. Saboda haka kada kowa ya ji kunyar farawa daga ƙasa. A duba soket da wata na'urar da aka san tana aiki. A duba fis ɗin da ke cikin fulogi. In rimot ne ya ƙi, a nuna bakinsa ga kyamarar waya a danna maɓalli. Hasken da yake fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yawancin kyamarorin waya suna nuna shi yana ƙyaftawa. In bai ƙyafta ba, sau da yawa batir ne, ko kuma tsohon batir ya yi zubar da ta cinye ƙarfen da ke ciki.

Sa'an nan a san irin wutar. Wutar da ake rabawa a gidajenmu an tsara ta a kan bolt 230. A Amurka bolt 120 suke amfani da shi, a Japan kuwa 100. Shi ya sa in ɗan'uwa ya yo tsarabar injin markaɗe daga Amurka, aka sa shi a soket kai tsaye, sai a ji ƙauri, shi ke nan. Kafin a sa kowane baƙon kaya a wuta, musamman na hannu, a karanta rubutun da ke jikinsa ko jikin cajarsa. In an ga 100 zuwa 240, zai ɗauki tamu. In an ga 110 ko 120 kaɗai, sai an nemo masa taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Ba wuta mai yawa kaɗai ke kashe kaya ba. Wutar nan mara ƙarfi, wadda ƙwan fitila ke ja kamar garwashi, ita ce babbar abokiyar gabar firji da injin tura ruwa. In bolt ya yi ƙasa, injin da ke cikinsu yakan ja wuta fiye da ƙima don ya iya juyawa, wayoyin cikinsa su yi zafi har su ƙone. In kun ga irin wannan wuta, ku kashe firji, ko ku sa masa sitabilaiza daidai da nauyinsa. Har ila yau, in aka ɗauke wuta aka maido nan take, kada a bar firji ya tashi a lokacin. Iskar da ke zagayawa a cikin bututunsa tana bukatar minti uku zuwa biyar kafin matsinta ya daidaita, in ba haka ba injin zai yi ta kokawa da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Wannan shi ne amfanin maɓallin jinkiri da ke jikin sitabilaiza da yawa, wanda mutanenmu kan kashe saboda gajen haƙuri.

Akwai kuma ɗan lissafi da nake so kowace uwargida da kowane maigida su riƙe. Fulogin nan mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, babban fis ɗinsa na amp 13 ne. In ka ninka 13 da 230 za ka sami kusan wat 3,000. Iyakar abin da soket guda zai ɗauka ke nan. Tukunyar dafa ruwa ta lantarki ita kaɗai takan ci wajen wat 2,000, dutsen guga kuma daga 1,000 zuwa sama. To, a haɗa su a kan 'yar wayar jona guda mai araha, a ƙara da firji, me ake jira? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mafi muni shi ne in fis ya ƙone a naɗa masa wayar tagulla ko takardar sigari mai ƙyalli. Aikin fis shi ne ya mutu domin gida ya tsira. Wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa gidansa ga gobara.

Kwamfutar tebur kuwa tana bukatar akwatin batir da ake kira UPS. 'Yan mintocin da yake bayarwa bayan an ɗauke wuta don mutum ya adana aikinsa ne ya kashe na'urar cikin natsuwa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tambaya ta biyu: me ya canja?

Na'ura ba ta yin fushi, ba ta kuma yin yaji. In jiya tana aiki yau ta ƙi, to wani abu ya canja. A ƙasarmu abin da ya fi canjawa shi ne yanayi, kuma kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake zuwa da ita.

Hunturu ƙura yake kawowa. Kwamfuta tana da 'yar fanka a ciki mai fitar da zafi. In ƙura ta toshe ƙofofin iska, sai ka ji fankar tana gurnani, aiki ya yi nauyi, can sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mutane da yawa a nan suke cewa bairos ya shiga, alhali kuwa abin da take bukata shi ne a kashe ta, a zare ta daga wuta, a busa mata iska a share ƙofofin da burushi mai laushi. Haka faifan sola: in ƙura ta lulluɓe shi, wutar da yake bayarwa takan ragu, a yi ta zargin batir. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Bugu da ƙari, bushewar iskar hunturu ita ke sa mutum ya ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ƙananan sassan cikin kwamfuta, saboda haka duk mai buɗe ta ya fara taɓa ƙarfen jikinta tukuna.

Bazara zafi take kawowa. Masu ƙera wayoyi da kwamfutocin hannu da yawa sukan rubuta cewa an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato da Maiduguri, har da Kano, watan Afrilu yakan haura 40. To, ina ga wayar da aka bari a gaban mota da tsakar rana, ko kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ta toshe ƙofofin iskarta? Zafi shi ke tsufar da batir, na waya da na sola duka. Batirin sola irin mai ruwa a ajiye shi a inda iska ke shiga, a riƙa duba ruwansa, kada kuma a riƙa shanye shi ƙasa da rabi. Firji a janye shi daga bango kamar taƙi guda. In ana shakkar robar ƙofarsa, a rufe ƙofar a kan takarda a ja. In takardar ta zare ba wuya, sanyi yana gudu ta nan. Fankar sama da ta koma juyawa a hankali kamar mai jin barci, sau da yawa ɗan ƙaramin kafasita ne ya gaji, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar fanka ba.

Damina kuwa tsawa take kawowa. Sitabilaiza ba ya tare tsawa. Kashe makunni ma bai isa ba. In hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare fulogi daga bango, a zare wayar eriya ko ta dish daga bayan dikoda, domin ta nan ma takan shigo. In waya ta faɗa ruwa, a kashe ta, kada a sa ta caji, a bar ta a inda iska ke kaɗawa har ta bushe. Binne ta a cikin shinkafa ba ya ƙara komai, kamfanin Apple ma da kansa ya gargaɗi masu wayoyinsa kada su yi haka, saboda ɓarɓashin shinkafar yana iya shiga ciki.

A ɓangaren manhaja, watau tsarin umarnin da ke tafiyar da kwamfuta da waya, tambayar ba ta canja ba. Me aka sa sabo? Wane filashi aka soka? Wane saƙo aka buɗe? In na'ura ta fara rashin ji daga ranar da aka sa mata wata manhaja, a cire manhajar a gani. Maganar nan da yara ke yi mana, wai a kashe a sake kunnawa, ba raini ba ne. Yin haka yana share ma'ajiyar wucin gadi, ya sallami duk manhajar da ta maƙale. Sai dai ku lura, tun daga Windows 8 an yi tsarin saurin tashi wanda ke sa kashewa ta yau da kullum ba ta share komai da komai ba. Umarnin sake tayarwa shi ne mai yin shara sosai. Dikoda da akwatin intanet kuma a zare su daga wuta kamar minti guda kafin a mayar.

Saƙon nan na sabunta manhaja da ke damunmu yana cinye mana data, ni ma yana ba ni haushi. Amma ku tuna abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Rigakafi ya fi magani. Masu tsofaffin kwamfutoci kuma su sani, an daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adin kulawarsa ta yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ta zama kamar gidan da maigadi ya bar aiki. Kada a yi harkar banki a kanta.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa, wadda na san malamanmu na Hausa da ke nan sun sha fama da ita, watau haruffa masu lanƙwasa: ƙ da ɗ da ɓ. Ku tuna shekarar da katin gayyatar wannan taro ya fito daga maɗaba'a yana cewa muna maraba da manyan baki. Waɗansu suka ce ai ba kuskure ba ne, an san halinmu. Me ya canja tsakanin kwamfutar Sakatare da ta maɗaba'a? Samfurin rubutu ne. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutocinmu ba su san da waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro samfuran rubutu masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share wa marubuta da maɗaba'u hawaye ƙwarai. Yadda irin waɗannan samfura ke aiki shi ne, sukan ari gurbin wata alama su ɗora harafin Hausa a kai. In aka kai rubutun kwamfutar da ba ta da samfurin, sai alamar asali ta dawo, mai buga aiki kuma ya goge ta ya sa harafin da ya ga dama. Yanzu an wuce nan. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A manhajar Word, in ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito. Na ɗ shi ne U+0257, na ɓ kuma U+0253. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke sa 'y, nasu shi ne U+01B4. Mafi sauƙi ma, a shiga wajen saitin harshe a ƙara allon rubutun Hausa, akwai shi a Windows, akwai shi a Gboard na waya. In za a kai aiki maɗaba'a kuma, a mayar da shi PDF tukuna, a buɗe a karanta, domin shi yakan tafi da samfurin rubutunsa a jikinsa.

Tambaya ta uku: me zan rasa?

Abu na farko da za a iya rasawa shi ne rai. Tsohon talabijin mai ƙusumbi da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef suna riƙe wuta mai kisa a cikinsu ko bayan an zare su daga soket. Waɗannan ba na gwaji ba ne, a kai wa wanda ya koya. Batirin waya da ya kumbura har ya ɗaga murfi, kada a danna shi, kada a huda shi, kada a sake sa shi caji, domin yana iya kamawa da wuta. Janareto kuwa, ina roƙonku, kada a kwana da shi a cikin ɗaki, ko a zaure, ko a ƙarƙashin taga, ko da ana tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Mun sha jin gidajen da aka wayi gari babu mai motsi. Janareto ana sayen wani.

Abu na biyu shi ne abin da kuɗi ba ya maidowa, kuma a nan ne zan faɗi laifina.

Shekarun baya wannan ƙungiya ta ɗora mini aikin tattara tsofaffin hotunanmu da takardu a kwamfuta. 'Yan'uwa suka yi ta aiko da abin da suke da shi. A cikin kayan akwai kaset guda, wanda wani ɗan ajinmu ya ɗauka da rikodarsa ranar da muka yi wa malaminmu na kimiyya walimar ban kwana. Jawabinsa ne na kusan minti ashirin, da muryarsa, da tarinsa, da yadda yakan ja sunan mutum in zai yi masa faɗa. Na juye shi a kwamfuta, na mayar wa mai shi kaset ɗinsa. Na ce a raina gobe zan kwafa a wani wuri. Goben nan ta yi wata bakwai.

Wata rana da yamma ina cikin aiki aka ɗauke wuta. Batirin UPS ɗina ya daɗe da mutuwa, ina ta cewa zan canja. Da wuta ta dawo, kwamfuta ta ƙi tashi, sai baƙin allo da ɗan rubutu. Taro ya rage kwana huɗu. Ni mutumin waya da soket ne, kwamfuta da girma na koye ta. Na ɗauke ta a guje na kai wa wani yaro mai gyara a kasuwa, na ce masa ina son ta yau yau. Ban gaya masa abin da ke ciki ba, shi ma bai tambaya ba. Da la'asar na dawo na tarar da ita tana aiki kamar sabuwa. Ya yi mata fomat, ya ɗora sabuwar manhaja. Na buɗe inda nake ajiya, wayam.

Daga baya na fahimci cewa a lokacin da na kai ta, duk kayan suna nan. Ɗaukewar wutar ta ɓata 'yan fayilolin da kwamfuta ke tashi da su ne kawai. Da an ciro rumbun ajiyar an jona shi a wata kwamfutar, da an kwashe komai cikin sa'a guda. Ko bayan goge abu ma, a irin wancan rumbu mai faifai da katin memori, abin ba ya ɓacewa nan take. Sunansa ake cirewa daga rajista, a ce gurbinsa ya zama fili, sai an rubuta wani abu a kai yake tafiya. Saboda haka duk wanda ya goge abu bisa kuskure ya daina amfani da na'urar nan take, ya nemi wanda ya san manhajar ceto. Ni kuwa an riga an ɗora sabon gini a kan filin. Mun ceto hotuna da dama, waɗansu kuma masu su suka sake aikowa. Na koma wajen mai kaset, ya ce ya bar shi a mota wata bazara, zaren ya narke ya manne. Daga jawabin malam abin da ya dawo bai kai minti guda ba, yana gode wa masu dafa abinci, sai ya yanke.

Ban ga laifin yaron nan ba. Abin da na ce ya yi shi ya yi. Mutumin da ya koya mini in tambayi abin da zan rasa kafin in taɓa, muryarsa na rasa saboda ban tambaya ba. Na gaya wa kwamiti a lokacin cewa an sami matsalar na'ura. Yau ina gaya muku matsalar tawa ce, kuma ina neman afuwarku, musamman iyalan malam da suka halarci wannan taro.

Abin da na koya shi ne, abin da ke wuri guda tamkar babu shi ne. Masana wannan fanni suna da ƙa'idar da suke kira uku, biyu, ɗaya: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan irin ma'ajiya biyu daban, ɗaya kuma a wani gida ko a intanet. A zamanin da muka fara, faifan fulofi megabayit 1.44 yake ɗauka, wanda hoto guda na wayar yau ma ba zai shiga ba. Yanzu filashin da bai kai ɗan yatsa ba zai ɗauke hotunan zuri'a guda, Google kuma yana ba duk mai asusu gigabayit 15 kyauta. Uzuri ya ƙare. Mai rubutu ya saba wa yatsunsa da Ctrl da S duk bayan 'yan layuka. Wanda zai kai waya ko kwamfuta gyara ya kwashe kayansa tukuna, in kuma ba ta tashi, kalmar farko da zai gaya wa mai gyara ita ce kada ya goge komai sai ya kira shi. A kuma riƙa buɗe kwafin lokaci lokaci a tabbatar yana aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai girma Shugaba, ina da roƙo guda ga wannan taro. Malamanmu da suka rage ga su nan zaune, kowannensu da tarihin makarantar nan a bakinsa. Kowannenmu kuma yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa. Ina ba da shawarar a naɗa mutum uku, a bi su gida gida cikin wannan shekara a ɗauki hirarsu, a haɗa da hotunan da muka ceto. Kwafi ɗaya ya zauna wajen Sakatare, ɗaya a ɗakin karatu na makaranta, ɗaya a asusun ƙungiya na intanet wanda aƙalla mutum biyu suka san mabuɗinsa. In an yarda da ni bayan abin da na faɗa, ni zan sayi ma'ajiyar guda biyu daga aljihuna, amma a ba wani ya riƙe.

Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu ɗalibai, kun fi mu sanin waɗannan na'urori nesa ba kusa ba, a wajenku muke koyo yanzu. Ku ƙara da tambayoyin nan uku, ba su tsufa. Kuma don Allah kada kowa ya gwada dafa ruwa da cokali.

Ina godiya ga malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.